Ƙanena ya aiko mini da na'urar boila daga Ingila, za ta yi aiki a hitar banɗaki?

Baban Sadik: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da ɗari. Tambaya gare ni ga masana harkar wuta. Muna da hitar ruwa ta bango a gidana nan Arkilla, Sakkwato, mai lita 50, wat 2000. Shekara uku ke nan da na sa mata taima, irin mai zagayen nan mai ƙananan haƙora da ake dannawa. Na saita ta kunna ƙarfe 4 na dare ta kashe ƙarfe 6, don a samu ruwan alwalar asuba da na wankan yara kafin makaranta. To duk ranar da aka ɗauke wuta, in ba a kunna inbata ba, agogonta tsayawa yake yi. In an yi awa uku babu wuta, ya koma baya da awa uku ke nan, gobe ma a ƙara. Makon jiya na manta ban gyara ba, sai ga ta ta kunna ƙarfe 9 na dare muna kan inbata, kafin in farga ta zuƙe batir, muka kwana a duhu. Na yi wa ƙanena da ke Ingila ƙorafi, shi ne ya ba wani mai zuwa gida saƙo ya kawo mini. Abu biyu ne a kwalin: ɗaya mai allo da ake sa wa batir biyu, ɗaya ƙaramin akwati da ake ɗaura wa waya. Ya ce irinta ya sa wa boilarsa, wato tukunyar gas da ke ɗumama musu gida, ya cire tsohuwar taimar. In cire tawa in sa wannan?

Alhaji Mabera: Wa alaikumus salam. Ni dai da nig ga an rubuta hita, na ɗauka cewa kakai za ka hita waje cikin wanga ɗari. Allah shi kyauta. Mu tukunya da icce munka sani, ba ta taɓa ɓata lokaci ba.

Nasiru Wayarin: Yallaɓai juya ƙaramin akwatin ka karanto mana abin da anka rubuta a bayansa. Akwai lamba da harafin A a gabanta. Kuma ka ƙirga ramukan ɗaura waya.

Baban Sadik: An rubuta 230V, sai 5A. Ramuka biyar ne: L, N, COM, NO, NC.

Nasiru Wayarin: To kada ka ɗaura hitarka a kai, wallahi narkewa zai yi. Am 5 kawai yake ɗauka, am ɗin shi ne ma'aunin yawan wutar da abu ke ja. Hita mai wat 2000 tana jan kusan am 9.

Injiniya: Nasiru ya yi gaskiya, amma bari in faɗaɗa, don ba nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Lissafin am ɗin mai sauƙi ne: raba 2000 da 230, za ka samu 8.7. Abin da akwatin nan zai iya ɗauka bai wuce wat 1150 ba. Ba wai an yi shi da ha'inci ba ne. A can inda aka ƙera shi domin su, ba shi ke ɗaukar nauyin dumama ruwa ba. Boilarsu gas take ƙonawa, wutar lantarkin da take ci ta famfon zagaya ruwa ce da fanka da ɗan allon sarrafawa. Aikin akwatin kawai ya haɗa wayoyi biyu, COM da NO, kamar mai taɓa kafaɗar boila ya ce mata tashi. Kai kuwa so kake ka ɗora masa buhun gero.

Na biyu, kuma wannan ya fi muhimmanci: mai allon nan zafin ISKAR ɗaki yake aunawa, ba zafin ruwa ba. Aikinsa ya ga ɗaki ya sauka ƙasa da digirin da aka saita, ya aika wa akwatin saƙo ta rediyo, boila ta tura ruwan zafi cikin ƙarafunan da ke jikin bango su ɗumama gida. Babu abin da ya haɗa shi da ruwan wankanka. Hitarka tana da nata ma'aunin zafi a ciki, kusa da elemen, wato ƙarfen da ke ɗumama ruwan, shi ke kashe ta in ruwa ya kai.

Aminu Mancesta: Injiniya ya gama magana. Ni ma bara na yi irin canjin nan a gidan da nake haya, kuma a nan abin yana da ma'ana ƙwarai. Tsohuwar taimar da ke gaban boilar haƙora 96 gare ta, kowane haƙori minti 15, kuma ba ta san Asabar ba ta san Litinin ba, abin da ka danna shi za ta maimaita kullum. Ko gidan ya yi ɗumi ba ruwanta, gas dai tana ci har lokacinta ya cika. Sabuwar kuwa sai ka ce mata daga 6 zuwa 8 na safe digiri 20, in an watse aiki ta sauka 16, da yamma ta koma 20, ƙarshen mako kuma tsari daban. Ga wata wahalar da ku ba ku da ita a gida: nan ana canja agogo sau biyu a shekara, Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba, sai ka je ka murɗa taimar da hannu. Tun Afrilun 2018 ma doka ce a Ingila, duk sabuwar boilar gas da za a kafa sai da abin saita lokaci da na saita zafi. Amma ni ban taɓa boilar da hannuna ba. Akwai wata 'yar waya da ke gadar ramuka biyu a ciki, ita ake cirewa a sa wayoyin akwatin a gurbinta, sannan a bar tsohuwar taimar a kunne dindindin. Wasu boilolin sai an buɗe murfin da ke tare hayaƙi kafin a kai wurin, wannan kuwa aikin mai rajistar Gas Safe ne, wato ma'aikacin gas mai lasisi. Baban Sadik, ƙaninka niyyar alheri ya yi, ya manta ne cewa a Sakkwato ba a ɗumama ɗaki da bututu.

Maman Hanifa: Malam Aminu digiri 20 ne ɗumi a wurinku? Mu nan in aka kai 20 ai har da safar hannu ake sa wa yara.

Aminu Mancesta: Hajiya ki bari kawai. Ranar da aka kai 25 a nan fita ake yi shan iska a filin wasa.

Kabiru Gwiwa: Ni ban yarda a ce ba za ta yi ba. Ku duba da kyau. Baban Sadik agogo yake nema wanda ba ya tsayawa in an ɗauke wuta, ko ba haka ba? Mai allon nan da batir yake aiki, ba ruwansa da ɗaukewar wuta. Sai a yi masa wayo. Lokacin da kake son hita ta kunna ka saita shi a ƙololuwa, yawancinsu suna kai 30 ko 35. Ɗaki da asubar hunturu ba zai kai haka ba, don haka zai ce a kunna. Sauran lokutan ka saita shi a 5, ɗaki a Sakkwato ba zai taɓa sauka 5 ba, zai ce a kashe. Ka ga ya zama taima. Maganar am kuma, a sa kontakta a tsakani, wato makunnin da 'yar wuta ke ja shi kuma ya ɗauki babban nauyi, akwatin ya ja kontakta, kontakta ta ja hita. Me ya rage?

Nasiru Wayarin: Kai Kabiru, a watan Afrilu fa? Ɗakin da ke kai 38 da tsakar dare? Ba zai kunna ba ko ka roƙe shi.

Kabiru Gwiwa: Wa ke kunna hita a Afrilu a garin nan? Ruwan tankin sama kaɗai ai sai ka tara a bokiti ya huce kafin ka iya watsawa a jiki. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne ake buƙatarta, kuma a watannin dabarar tana ci.

Alhaji Mabera: Wanga yaro ya hwaɗi gaskiya. Ga bazara randa muka nema, ba hita ba.

Injiniya: Kabiru, dabararka za ta yi aiki, ban musa ba. Na ma ji daɗin yadda ka juya abin. Amma ka lissafa abin da ka tara don kunna elemen guda: mai allo da batir biyu, saƙon rediyo da zai ratsa bulo da decking, akwati, kontakta. Kowanne ƙofa ce ta matsala. Rediyon nan, galibi 868 ko 433 megahaz ne, ba ya buƙatar intanet, wannan alheri ne, amma ba ya son kankare mai rodi, kuma ba ya son a manna akwatin a jikin ƙarfe, ita kuwa hita gangar ƙarfe ce sukutum. Batir in ya mutu cikin dare, ko ya yi ruwa ya ci ƙarafunan ciki kamar yadda masu araha ke yi a zafin nan namu, shi ke nan. Sannan wasu irinsu in zafin ɗaki ya matso kusa da abin da aka saita, sai su riƙa kunnawa da kashewa, har sau shida a awa, don haka aka tsara su saboda boila. Ƙarshen Fabrairu da ɗaki ya fara ɗumi za ka ji kontakta tana ƙas-ƙas kamar mai saƙa. Alhali akwai taima ta lamba, mai ɗan batir a cikinta da ke riƙe agogo, mai ɗaukar am 16, tana zama a kan layin bireka cikin akwatin rarraba wuta. Abu guda, waya huɗu.

Kabiru Gwiwa: Wannan saye za a yi. Waccan kyauta ce tana hannu.

Injiniya: Kontaktar da ka ce a sa kyauta ake ba da ita?

Kabiru Gwiwa: Ai ko taimar lambar ce ni sai na sa mata kontakta. Am 16 ɗin da ake rubutawa a jikin na kasuwa, ka taɓa buɗe ɗaya ka ga ƙanƙantar abin da ke ciki?

Nasiru Wayarin: Nan kam Kabiru ya kama ka Injiniya. Na cire sun fi a ƙirga, duk a wurin ɗaurin waya suke baƙi. Elemen awa guda cur yake jan wuta ba hutu, in sukurun bai ɗauru tamau ba nan zafi ke taruwa. Ni in zan yi aikin: bireka am 16 ko 20 ta hita ita kaɗai, waya 2.5, kontakta am 25, taima ta ja koyil ɗin kontaktar kawai. Kuma don Allah a duba wayar ƙasa. Gidaje da yawa da nake shiga hita ba ta da ita sam, mutum yana tsaye cikin ruwa babu takalmi yana riƙe da kan famfo na ƙarfe. A sa bireka mai gane yoyon wuta, mai miliam 30. Ta fi taima muhimmanci sau goma.

Injiniya: Na karɓa. Amma ku san halin kontakta da wutarmu. An yi koyil ɗinta ta kama sosai daga kashi 85 cikin 100 na ƙarfin da aka rubuta, wato wajen bolt 195. Dare da yawa wuta ba ta kai haka a wasu unguwanni. In ta yi ƙasa sosai sai kontakta ta riƙa rawa, bakinta ya ƙone. A haɗa da abin kariya mai yanke wuta in ta yi ƙasa ko ta yi sama.

Maman Hanifa: Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri. Me ya sa tun farko tsohuwar taimar ke tsayawa? Agogon bangon ɗakina shekara yake yi bai tsaya ba.

Injiniya: Hajiya, agogonki batir ne. Ita wannan wani ɗan mota ne a cikinta da ke juyawa da bugun wutar gari, bugu 50 a daƙiƙa. Bugun take ƙirgawa ta san lokaci. Babu wuta, babu bugu, ta tsaya cak. In kuma janareta aka tayar yana gudu sama ko ƙasa da 50, sai ta yi sauri ko ta yi nawa. A ƙasar da wuta ba ta yankewa agogo ne mai kyau ƙwarai. Akwai irinta mai haƙora amma mai batirin ajiya a ciki, ga wanda ba ya son danne-dannen lamba, sai dai ba ko'ina ake samu ba.

Malam Sani Runjin Sambo: Tun ɗazu nake karantawa, kuma ina ganin duk kun bar jaki kuna dukan taiki. A ce an sa agogon da ya fi kowane daidai a duniya. Ƙarfe 4 ta yi, babu wuta. Sai me? Ruwan sanyi dai za a yi alwala da shi. Taima an yi ta ne don mutumin da ke da wuta kullum yana zaɓen lokacin da zai sha. Mu ba mu ke zaɓe ba. Ni abin da na yi a gidana, na sa an ɗauko layin hita daga wutar gari kai tsaye, kafin canjoba. Janareta ba ya ganinta, inbata ba ya ganinta. Duk lokacin da aka kawo wuta ta ɗumama, ma'auninta na ciki ya kashe ta. Gangar tana da rufi mai riƙe zafi, ruwan da ya yi zafi ƙarfe 11 na dare da asuba yana nan da ɗuminsa. Ba taima, ba batir. Matsalar Baban Sadik ta gaskiya ita ce hitarsa tana kan layin inbata, wanda bai kamata ta kasance ba tun ranar farko.

Baban Sadik: Malam Sani ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Wanda ya haɗa mini sola ya ce zai raba layukan, ya ce gobe, goben ke nan har yau. Amma barin ta a kunne kullum ba zai cinye mini yunit ba? Mita ce mai kati.

Malam Sani Runjin Sambo: Injiniya ya yi mana lissafi, ni malamin Hausa ne.

Injiniya: Ɗaga lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin yunit 2.3. Da taima da babu taima wannan sai ka biya, tunda ruwan za ka yi amfani da shi. A farashin Band A na naira 209.5 da aka sa a Yulin 2024, wajen naira 480 ke nan duk cikar ganga, waɗanda ba sa Band A nasu bai kai haka ba. Abin da taima ke ceto maka shi ne zafin da ke sulalewa ta jikin ganga tana jira, wanda a irin wannan girman wajen yunit ɗaya ne a yini in an bar ta da zafi dare da rana, kuma ba duka za ta ceto ba. Don haka ribar akwai, amma ba ta kai yadda ake zato ba. Wani abin lura: da cikakkiyar wuta awa ɗaya da minti 10 ta ishe ta. In wuta ta sauka bolt 180, elemen ɗin wat 2000 bai fi 1200 da 'yan kai yake bayarwa ba, sai ta nemi kusan awa biyu. Wanda ya saita taima awa guda cif zai riƙa samun ruwa mai ɗumi-ɗumi yana zagin hita.

Kabiru Gwiwa: To a rage ma'aunin cikin zuwa 40 mana, daidai wanka, ba sai an surka ba. An rage yunit.

Injiniya: A'a. Ruwan da ke kwana a ganga tsakanin digiri 20 da 45 shi ne gidan wata ƙwayar cuta da ake kira Legionella, mai kama huhu in an shaƙi feshin ruwan. Shi ya sa ake ajiye shi a 60. A surka a bokiti. Kuma a fara zuba na sanyi kafin na zafi saboda yara, ruwa mai digiri 60 cikin daƙiƙu kaɗan yake sale fata.

Maman Hanifa: Wannan kam a gaya wa masu aiki da 'yan mata a gida. Mu da muke wankan jego mun san zafin ruwa, amma yaro bai sani ba.

Alhaji Mabera: To yanzu dut wanga dogon zance, mi anka tsaida? Shi sa ko kar shi sa? Ɗan'uwanshi ya kashe kuɗinshi, ga kunya.

Malam Sani Runjin Sambo: Ranka shi daɗe, ya ce masa an gode, Allah ya bar zumunci. Ba sai ya ba shi labarin COM da NO ba.

Kabiru Gwiwa: Ni har yanzu ina kan bakana. Mai sola da panel masu yawa taima tana yi masa rana. Ya saita ta 12 zuwa 2 na rana lokacin da batir ya cika panel suna zaman banza, ruwa ya ɗumama kyauta ya jira dare. A nan tsarin Malam Sani bai yi ba.

Injiniya: In inbatar ta kai. Baban Sadik, nawa ce taka?

Baban Sadik: 2.5 ce, ga firji a kai.

Injiniya: To ka manta da wannan shawarar.

Mai Kaji Kwannawa: Salamu alaikum, yanzu na shigo na ga zancen. Baban Sadik in ba za ka yi amfani da ita ba ina so, da kuɗina. Abin da kuka ce aibinta ne, wato iskar ɗaki take aunawa, ni shi nake nema. 'Yan tsaki a makon farko suna son digiri 32 zuwa 35, sannan a riƙa ragewa kamar digiri 3 duk mako. A ɗarin nan tashi nake yi sau uku a dare ina duba su, in sun cure wuri guda sanyi, in sun watse gefe suna haki zafi. Ƙwayayen ɗumama biyu nake da su, wat 250 kowanne.

Nasiru Wayarin: Wat 500 ke nan, am 2 da ɗan abu. Akwatin zai ɗauka ba ko kontakta. Ka rataye mai allon daidai tsayin tsakin, ba ƙarƙashin ƙwan kai tsaye ba, kuma ka kare shi daga ƙurar dusa. Amma ka duba iyakarsa tukuna, in 30 ne bai yi maka makon farko ba. Kuma kar ka yar da gawayinka, in an ɗauke wuta shi ma akwatin mutuwa yake.

Baban Sadik: Na danna har ƙarshe, 35 ya tsaya.

Mai Kaji Kwannawa: Alhamdu lillahi. Nawa zan kawo?

Baban Sadik: Haba Malam, abin da aka ba ni kyauta. Ka zo ka ɗauka. In sun girma ka tuna da ni da Sallah.

Kabiru Gwiwa: Kun dai hana a gwada dabarata.

Baban Sadik: Jama'a ga yadda aka ƙare, bayan kwana huɗu. Nasiru ya zo jiya. Ya cire hitar daga layin inbata ya mayar da ita wutar gari kamar yadda Malam Sani ya ce, ya sa bireka mai gane yoyo. Da ya buɗe ya tarar wayar ƙasar tana nan amma ba a ɗaure ta da komai ba, an naɗe ta ne kawai an tura bayan ganga, shekara uku. Tsohuwar taimar mun cire, ban sa wata ba tukuna, zan ga abin da mita za ta ce zuwa ƙarshen wata. Yau da asuba ruwa da zafinsa duk da an ɗauke wuta tun ƙarfe 1. Sai dai na lura wani ɗan bututu a gefen hitar yana ɗiga in tana aiki, na sa roba a ƙasa. In toshe shi?

Nasiru Wayarin: KAR ka toshe yallaɓai! Numfashinta ke nan, ruwa in ya yi zafi kumbura yake, ta nan yake rage matsi. Ɗigo kaɗan lokacin da take aiki ba komai. In ka ga yana zuba ko tana kashe, ka kira ni. Zan biyo da siririn tiyo ranar Asabar mu kai shi magudana.

Mai Kaji Kwannawa: Nasiru in ka gama da shi ka wuto Kwannawa. Na sa batir, allon ya kawo, amma akwatin wata jar fitila kawai yake ƙyaftawa, kuma takardar da ke kwalin ƙananan rubutu ne ba na gani.